Tudun da Na Zana a Tsakiyar Fadama

Abubuwa da yawa sun wuce ni a aikin safiyo, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa, amma abin da na jawo a wata fadama tsakanin Kura da Bunkure ba zai taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, ina aiki da wani ƙaramin kamfanin awon ƙasa a Kano. Kaina kuwa a kumbure yake, don duk ofis ɗin ni kaɗai na iya sarrafa ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Manoman shinkafa da Fulanin da ke zaune a gefensu sun gaji da rigima a kan inda shanu za su riƙa ƙetare fadamar idan damina ta yi nisa. Sai kwamitinsu ya nemi a zana musu taswirar da za ta nuna tudu da kwarin wurin. In an san tsayin ƙasa a kowane taku, an kuma san inda ruwa yake tsayawa idan ya cika, to an san zurfinsa ke nan. Inda ruwan ya fi ƙaranci, nan za a fitar da sabon burtali.

Na je da rani na tashi jirgina, ya yi ta shawagi har ya gama. Da na koma Kano na zuba hotunan a kwamfuta, ta fitar mini da taswira mai launi-launi, shuɗi inda ƙasa ta yi kwari, ruwan ɗorawa inda ta yi tudu. A tsakiyar fadamar sai ga wani ziri ruwan ɗorawa ya miƙe sak daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar don shanu aka shimfiɗa shi. Ƙa'idar aiki ita ce ka koma ka bi wurin da ƙafa, ka kafa sandar awo a ƙasa ka tabbatar. Na koma ɗin, na auna gefe da gefe, lissafi ya yi daidai. Amma zirin nan cike yake da kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsayi, ga taɓo a ƙarƙashinta. Na dubi taɓon, na dubi takalmina, na ce ai jirgi ya riga ya gama magana.

Ranar da na kai taswirar, an taru a ƙofar gidan mai gari. Cikin Fulanin akwai wani dattijo siriri, shi ne babba a rugarsu, kowa Baffa yake ce masa. Ya matso ya daɗe yana kallon kwamfutar, ya ce in nuna masa inda bakin kanal yake, wato babbar hanyar ruwan noman rani da ta bi ta gefen fadamar. Na nuna masa. Ya bi da yatsa a hankali har ya tsaya a kan zirina.

"Ɗana, nan da ka ce tudu ne, ruwa yana kai tozo."

Daga baya na gane cewa su da jikin saniya suke auna ruwa. Akwai na kofato, akwai na gwiwa, akwai wanda yake taɓa hantsa. In aka ce ya kai tozo, to babbar saniya ma iyo za ta yi, balle maraƙi. A ranar kuwa bakina ne ya riga hankalina.

"Baffa, shi tozon mita nawa ne?"

Aka kwashe da dariya, ni kuma na ji daɗi har cikin raina, Allah ya yafe mini.

"Ban san mita ba," in ji shi. "Amma sa'ad da ake gina kanal, a nan aka ɗebi ƙasa. Da idona na gani."

Na ce masa jirgi daga sama yake kallo, kuma ba shi da dangi a cikin manoma ko makiyaya. Wani manomi ya cafe, ya ce, "Baffa dai tsohuwar hanya yake so, ta gefen shinkafa, shanu suna tafe suna ɗan lasa." Aka sake yin dariya. Dattijon ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Aka kafa turaku a kan layina, tsohuwar hanyar kuma aka nome ta.

Damina ta yi tsakiya, wata safiya shugaban kwamitin ya kira ni a waya, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. An yi ruwa kwana biyu a jere, fadama ta cika, garken Baffa ya bi sabon burtali don babu wata hanya. Manyan shanu sun yi iyo sun fita. Maruƙa huɗu kacalla ta sarƙe musu ƙafa, kafin a kai gare su sun sha ruwa.

A ranar na hau mota. Na tuɓe takalmi na shiga da sandar awo, abin da ya kamata in yi tun da rani. Taku kaɗan ruwa ya kai mini ƙugu, na ƙara gaba ya kai ƙirji, na miƙa sandar gabana ta nutse ban ji ƙasa ba. A nan tsaye cikin ruwa na gane abin da na yi. Jirgin bai ga ƙasa ba sam, kan ciyawa ya auna. Kacallar ta fi tsayi da kauri a kan tsohon ramin, saboda nan ne danshi yake daɗewa, shi ya sa wurin da ya fi ko'ina zurfi ya fito mini a matsayin tudu. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji kamar kada in fito.

Da jiƙaƙƙun kaya na wuce rugar. Na tarar da Baffa tsugune yana tatsar wata farar saniya. A gabanta an rataye fatar ɗanta a kan itace, an barbaɗa mata kanwa, tana lasa tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa. Haka suke yi idan maraƙi ya mutu, don in ba ta ji ƙanshinsa ba ba za ta saki nono ba. Na durƙusa na ce, "Baffa, laifina ne, ban shiga na auna ba. Ka yafe mini."

Bai daina tatsar ba.

"Na yafe, ɗana, kwanansu ne ya ƙare. Ni ma da nawa laifin. Na san ramin nan, amma da aka yi dariya sai na ji nauyin in sake magana."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kuskuren awo ana gyara shi, amma ni ne na rufe bakin mutum ɗaya tilo da ya san gaskiyar wurin, don kawai a ce na iya magana.

Na sake zana taswirar bayan ruwa ya janye, wannan karon taku-taku da ƙafata. Ba wanda ya nemi ganinta. Kwamitin Baffa suka sa a gaba, yana tafe yana nuni da sanda, suna kafa turaku a bayansa. Da na ɗora layinsa a kan sabon awona, ko kamu ɗaya bai kauce ba.

Yau ina da na'urorin da suka fi wancan jirgin nesa ba kusa ba, kuma ina amfani da su. Sai dai na koyi cewa na'ura abin da ke sama take gani, wanda ya shekara yana taka wuri shi ya san abin da ke ƙasa. Duk ranar da wani ya ce mini awona bai yi daidai ba, ko da bai san sunan abin da nake aunawa da shi ba, nakan haɗiye amsar da ta zo mini baki, in ce ya zo mu je ya nuna mini.