Akori-kurar da Ba Ta da Makulli

Tuƙin motar wani wahala ne, kuma ni na sha ta har ta ishe ni. In ka bar babban titi sai rami da yashi, baya ya ƙage, ido ya yi ja, ka dawo gida ka tarar tuwo ya huce. Abin da ya lalace a mota kai ka lalata shi, abin da ta samo na mai ita ne. Haka na yi shekaru ina jan akori-kurar wani Alhaji a Dutsin-Ma, zamanin mulkin farar hula, kafin sojoji su dawo.

Alhajin abokin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu shi ya kai ni koyon mota, shi ya tsaya na samu lasin, kuma bai taɓa bari na manta da haka ba. Ina ɗauko mashi hatsi daga Kuki, awaki daga Wurma, ranar kasuwar Kurfi kuma in cika baya da mutane da kayansu.

Wata safiya a tasha na murɗa makulli ya karye, rabi a hannuna, rabi a cikin rami. Aka kira bakaniken da ke duba mana motar, wani Kirista ne daga kudancin Zariya, mutum mai ƙarancin magana. Ya leƙa, ya ce gidan makullin duka ya cinye, sai an sayo sabo a Kano.

Alhaji ya ce, "Kano? Saboda ɗan ƙarfen nan? Kai dai yi mata dabara ta tashi."

"Alhaji, dabara akwai. Amma in na yi, kowa ma zai iya tayar da ita."

"Wa zai taɓa motata a garin nan?"

Bakanike ya kama aiki. Ya zaro wayoyi daga ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa su da makunnin lantarki irin na bangon ɗaki, ya sa wani ɗan maɓalli ja a gefe. Ka ɗaga makunni, ka danna maɓalli, mota ta tashi. Da Alhaji ya tafi, sai bakaniken ya ja ni gaban mota ya buɗe bonet, ya nuna mani wani ɗan baƙin abu a cikin injin, bai fi babban yatsa ba. Ya ce sunansa rota. In aka cire shi, ko wa ya danna maɓalli sai dai ta yi ta kuka, ba za ta tashi ba. Ya ce, "Malam, duk inda za ka juya mata baya, sa wannan a aljihu."

Ba zan ce abin bai da daɗinsa ba. Da can na taɓa yar da makulli a cikin gero, sai da muka zazzage buhu a tsakiyar kasuwa mutane na dariya. Wannan ya wuce. In hannuna ya ɓaci da baƙin mai ko kashin akuya, ba sai na laluba aljihu ba, da gwiwar yatsa nake dannawa. In layi ya motsa a tasha ina cin abinci, ɗan kamasho ya shiga ya matsar da ita gaba, ba sai ya tashe ni ba. Ta mutu a tsakiyar yashi, kafin fasinja su fara zagi na tayar da ita.

Amma kafin damina ta fita duk Dutsin-Ma an san motar Alhaji ba ta da makulli. Yaran unguwa su shiga su ɗaga makunni su gudu, da safe in tarar batir ya mutu, mu yi ta turi har bakin titi. Babban ɗan Alhaji, wanda ko ribas bai iya ba, ya ɗauke ta ya je Katsina yawo ya dawo da fitila a fashe, aka ce ni na fasa. Daga nan na kama shawarar bakanike ban sake ba. Ko sallah zan shiga sai na buɗe bonet. Injin da zafi, yatsuna duk suka yi tabo. Matata in za ta wanke rigata sai ta fara zazzage aljihu, ta ajiye abin a kan taga. A tasha kuma aka samu abin yi. In na sauko sai wani ya ce, "Ku dakata, likita zai ciro mata haƙori." Ban damu ba. Motar tana kwana inda na ajiye ta.

Sai aka yi rasuwa a Kurfi, mahaifin wani abokin cinikin Alhaji. Na cika baya da dattawan unguwa, Alhaji a gaba, babban ɗansa a tsakiyarmu. Mun iso an gama shirya gawa, an fito da makara, ƙofar gida cike da mutane, na garin da na ƙauyuka. Na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, kowa ya sauka, na zagaya gaba na sa hannu zan ɗaga bonet. Sai Alhaji ya kama mani wuyan hannu. Ya yi ƙasa da murya, ba wanda ya ji sai ni.

"Mi za ka yi?"

"Rota zan cire, Alhaji."

"A ƙofar gidan mutuwa? Mutane na kallo, ka buɗe mota kana ɓoye abu a aljihu? Ka ce masu ɓarayi ne ke nan, a ranar da ubansu ya mutu. Sake shi."

"Minti ɗaya ne, ranka shi daɗe."

"Na ce sake shi. Kada ka kunyata ni."

Na sake. Aka yi sallah, muka bi makara zuwa makabarta, da ɗan nisa daga gidan. Na sa hannu aka rufe, aka yi addu'a, muka dawo. Da muka shawo kwana na hangi dogon yaro, ƙarƙashinsa babu komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

Akwai tsofaffi a kan tabarma, waɗanda ƙafa ba ta kai su makabarta ba. Na tambaye su ina mota. Ɗaya ya ce, "Ai an tafi da ita Wurma, ɗauko 'yan'uwan mamaci."

"Wa ya tafi da ita?"

"Ba naku ba ne? Wani mai farar riga. Ya zauna nan ya yi mana gaisuwa, ya shafa addu'a tare da mu."

A gidan mutuwa ba a tambayar wanda ya ɗauki mota. Kowa aike ake yi da shi, kowace mota ta jama'a ce a ranar. Tsofaffin suka ce mutumin ya sha ruwa, ya miƙe ya ce an aike shi, ya roƙi wani ya janye jakinsa daga hanya. Aka janye. Ya shiga, bai laluba komai ba, ta tashi. Wani tsoho har saƙo ya ba shi, wai in ya isa Wurma ya gaya wa 'yarsa ta taho da tabarmi.

Muka zauna muna jira, don Alhaji ya ce ƙila gaskiya ne. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Wani mai babur ya je Wurma ya dawo, ya ce ba a ga mota ba, kuma mamacin ma bai da kowa a can.

Nan Alhaji ya juyo, a gaban masu gida da baƙi, ya ɗaga murya.

"Kai, ina abin nan da kake cirewa?"

"Yana jikinta, Alhaji. Kai ka ce in bari."

"Ni?" Ya dubi mutane. "Kun ji ko? Ni na ce."

Babban ɗansa ya ɗauke ni da mari, hulata ta faɗi cikin kwanon ruwa. Wani dattijo daga unguwarmu, wanda na sha kai matarsa asibiti ban karɓi komai ba, ya gyara zama ya ce, "Abin dubawa ne fa. Mutumin da ko fitsari zai yi sai ya cire abin nan, yau kaɗai ya bari, yau kuma aka zo." Kowa ya gyaɗa kai. Duk yatsun da na ƙona, ranar su suka zama shaida a kaina.

A bayan wata motar itace aka dawo da ni Dutsin-Ma, hannuna ɗaure da rawanin wani. Suka sa ni a sito na Alhaji, cikin buhunan dawa. 'Ya'yansa da wasu 'yan tasha suka yi ta shiga suna dukana da tsohon fanbel na injin mota, wanda ni da kaina na rataye a ƙusa don ko za a buƙace shi. Tambaya ɗaya suke yi, su wa ye mutanena, ina aka kai ta. Ɗan kamashon da muke cin abinci kwano ɗaya da shi ya fi kowa ƙarfin hannu. In ya gaji sai ya ce, "Faɗi mana, direba, mu ma mu je gida." Matata ta kawo fura aka karɓa aka shanye a ƙofa. Alhaji bai leƙo ba.

Daga baya suka kai ni wurin hukuma. Aka yi tambaya, aka je gidana aka ɗaga katifa, aka tona ƙasan gado, ba a samu komai ba, aka sallame ni. Bakanike ma an je mashi, an kayar da rumfarsa, wai shi ya koya wa ɓarayin maɓalli. Ya zo duba ni, ya ga bayana. Ya ce, "Ni na san abin da na gaya mashi. Amma ban je Kurfi ba, kuma maganata a garin nan ka san iyakarta." Bai daɗe ba ya kwashe kayan aikinsa ya koma Funtuwa.

Motar ba a sake ganinta ba. Wasu suka ce ta ƙetara Maraɗi, wasu suka ce an wargaza ta an sayar ɗai-ɗai.

Da bayana ya warke na fara zagaya masu motoci. Ba ni da wata sana'a sai wannan, gonar mahaifina kuwa an raba ta tun da daɗewa, rabona bai kai a noma a ci ba. Na farko ya ce ya riga ya yi wa wani alkawari. Na biyu ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai kaɗai za ka zo, ko da mai farar riga?" A tasha in na doso sai a ce, "Ku cire rota, ga shi nan," direbobi su dinga buɗe bonet suna dariya. Matata in ta je rijiya sai mata su ja bokitansu kusa da ƙafa.

Na ga ba abin da zai wanke ni sai bakin mutum ɗaya. Na bari har ya sayi sabuwar mota, na ce ƙila zuciyarsa ta yi sanyi. Na same shi a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, yana jan carbi. Na cire takalmi na durƙusa.

"Alhaji, ba aiki na zo nema ba."

"To mi?"

"Kalma ɗaya. Ka ce a tasha kai ka hana ni cirewa. Ko a gaban mutum biyu ne, za ta bazu."

Ya ajiye carbin. Bai yi fushi ba, da ma ya yi fushin da ya fi mani sauƙi.

"Ɗan nan, na san ba ka sata ba. Tun ranar na sani."

"To, Alhaji?"

"To in fito in ce ni, da gemuna, na bar mota a buɗe don jin kunyar mutanen Kurfi? In zama abin hira a kasuwa? Wa zai sake ba ni amanar kayansa? Ni ina da suna da zan tsare. Kai yaro ne, za ka jure. Mutane suna mantuwa."

"Ina da iyali, Alhaji. Ba mai ba ni mota."

"Da ma wa ya ba ka ta farko?" Ya ɗauki carbinsa. "Ubanka mutum ne mai haƙuri. Ka shiga ciki ka ce su ba ka kwanon dawa ka kai gida."

Ban shiga ba. Na sa takalmina na fito. A ƙofa sabon direban yana wanke mota, ya gan ni, ya zare makulli daga jikinta ya sa a aljihu, sannan ya ce mani sannu.

Washegari da na dawo daga masallaci na yage tsohon zanen matata na naɗa gammo. Na tafi tasha na sami sarkin 'yan dako, na ce ya ba ni wuri. Ya dube ni ya ce, "Direba, bayan naka zai ɗauka?" Na ce zai ɗauka. Ya nuna mani buhunan gero na wani mutumin Kuki, na durƙusa aka ɗora mani na farko.