Ƙirgen Kawuna Lokacin Karyar Masara

A shekarun da na yi ina koyarwa a wata 'yar makarantar ƙauye kusa da Kuyello, abu ɗaya ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ofishin ilimi ba ya ba da malami ko benci sai gwargwadon yaran da sufeto ya gani da idonsa. Shi kuwa sufeton ba ya hawo babur sai lakar hanya ta bushe, wato daidai lokacin karyar masara, sa'ad da 'ya'yan Gbagyi da na Hausawa duk suna gona.

Na buɗe masa rajista, na nuna masa sakamakon jarrabawa, yaranmu sun doke na cikin gari. Ko kallo bai yi ba.

Ya ce, "Malam, kawuna aka aiko ni in ƙirga, ba takarda ba."

Na roƙe shi ya dawo bayan an shigar da amfanin gona. Bai dawo ba. Mota ce ta zo ta kwashe bencinan da ya rubuta wai sun yi mana yawa. Da yaran suka dawo aji, kowa da tsohon buhun masara ya zo, ya shimfiɗa a ƙasa.