Mazarin da Baba Ya Je Nema a Zango

Asabar: Daura zuwa Sandamu

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar Asuba, muka fito ni da Baba. Tsohon malamin firamare ne, kuma tun yana saurayi yake bin tafkuna yana zana mazari iri-iri, ƙwaron nan na bakin ruwa, a wani littafi. 'Yan unguwa sun yi dariya har sun gaji. Yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani, an sa ranar Alhamis za a yi masa aiki a Kano, likita kuma ya ce bai yi alkawari ba. Mazari ɗaya ya rage masa, wani siriri ruwan goro mai koren ido, da ya taɓa gani a wani tafki bayan Zango, ranar ba fensir a aljihunsa. Ya ce sai ya gan shi kafin a taɓa idon. Yayyena maza duk suka noƙe, aka bar ni da riƙon jaka.

A tasha, tun da aka fara Shari'a, mata baya suke zama. Na ce wa direba, "Malam, mahaifina ne, ba ya gani sosai."

Baba ya ce, "Wa ya ce ba na gani? Uwata, shiga baya." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kira na haka.

Naira talatin-talatin aka kai mu Sandamu, tafiyar kamar kilomita goma, inda ya ce mu fara leƙa wata fadama kafin mu wuce Zango. Muna shan koko da ƙosai sannan ya gaya mini mazari ba ya fitowa sai rana ta yi zafi. Na ce to sammakon na mene ne? Ya ce gara mu jira shi.

Ƙarfe goma muna bakin fadama, ya fara mini karatun mazari. Manyan, in sun sauka, fuka-fukansu a buɗe suke, idanunsu a haɗe. Siraran kuwa naɗe su suke yi a baya, idanu a rabe. Akwai wani mai baƙin zane a fiffike da ya dinga bin sawunmu ƙasa-ƙasa, wai haka yake bin shanu. Na lura sau biyu yana tambaya ta, "Wancan ja ne ko?"

Sandamu zuwa Zango

Bayan Azahar muka koma ta Daura muka hau motar Zango. A shingen hanya wani jami'i ya zaro ragar da Baba ya ɗinka da tsohon gidan sauro, ya ce, "Baba, kamun kifi za ka je?" Baba ya ce e, kifi mai fiffike. Ƙarfe huɗu da kwata muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwarsa. Ta yi mana tuwon gero miyar kuɓewa, tana zubawa tana mita: "Yaya, tsofai-tsofai da kai kana bin ƙwari?" Ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Lahadi: Tafki

Gwaggo ta ce ba zan hau babur a garinta ba, sai ta roƙa mana amalanken maƙwabcinta. Awa ɗaya da kwata shanu suna jan mu cikin gonakin gero, duk ƙashin jikina ya gaya mini.

Ko zama ba mu yi ba, matan da ke ɗibar ruwa suka hango ragar Baba da kwalbar da ya riƙo, suka watse. Lokacin ana ta raɗe-raɗin baƙi na zuba magani a ruwan ƙauye. Sai ga mai unguwa da maza biyar.

"Malam, me kuka zuba mana?"

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Baba ya riƙe hannuna. Ya laluba ya cika kwalbar da ruwan tafkin, ya yi bisimilla ya shanye tas, sannan ya miƙa masa littafin. Mai unguwa ya yi ta buɗawa yana girgiza kai, ya ce, "Ikon Allah. A gafarce mu, Malam." Da Baba ya siffanta masa wanda muke nema, ya ce ai suna can gefen bado inda shanu ba sa shiga, ya yi mana jagora da kansa.

Sha ɗaya da minti ashirin, sai ga shi ya sauka a kan ciyawa, bai fi kamu biyu daga fuskar Baba ba. Na ce a hankali, "Baba, ga shi."

Ya ƙura ido, amma wani wuri daban yake kallo. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Faɗa mini, Uwata. Fuka-fukan?"

"A naɗe."

"Idon fa?"

"Kore shar, a rabe. Jikin ruwan goro har wutsiya."

"Shi ne."

Ya miƙo mini fensir. Na ce ban iya zane ba. Ya ce, "Zana abin da kika gani kawai." Ina zanawa hawaye na ɗiga a takardar, don tausayinsa ya gama cika ni. Mai unguwa ya kau da kai.

Gida

Ƙarfe biyar da rabi na yamma muka shiga Daura lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Gwaggo da mai amalanke, da mai unguwar da ya rako mu har bakin hanya da ƙwaryar fura. Ina kuma roƙon duk wanda ya karanta ya sa Baba a addu'a ranar Alhamis.

Muna shiga tsakar gida Inna ta ce, "Malam, ka gan shi?"

Ya ce, "Mun gan shi."