Wata Na Biyu

Lokacin da hoton watan nan mai ƙanƙara na tauraron Mushtari ya fito a jarida, ƙarshen shekarun saba'in, ina koyarwa a Gumel. Malamai suka yi masa rumfa a ofis suna ta kabbara. Fari fat, duk jikinsa a tsattsage kamar tsohuwar ƙwarya. Ni kam waje na fita. Na riga su sanin watan, kuma ban san shi da alheri ba.

Shekarar babban fari ce. Ina sabon malami a Gagarawa, ga rediyo ga agogo, ina jin duniya babu ya ni. Aka ba da hutu gab da babbar Sallah, na tafi rugarmu da ke arewa da Sule Tankarkar, wajen Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Gero ya ƙone a tsaye, ciyawa babu. Ƙannensa sun shirya kora shanu kudu, shi ma ya amsa zai bi su da nasa bayan Sallah, amma da ƙyar, don tsufa ya kama masa gwiwa.

Da hantsi muna bakin rijiya, yana jan guga rabi ruwa rabi laka, sai bakin nan nawa da ba ya gajiya ya buɗe.

"Baffa, kun ji abin da rediyo ya faɗa? Turawa sun aika na'ura can sama, wajen tauraron da malamai ke kira Mushtari. Wai wata goma sha biyu gare shi."

"To, mu nawa gare mu, ɗan boko?" in ji shi.

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Na ce ai a cikinsu akwai wani wata da ba komai a cikinsa sai ƙanƙara, ruwa zalla, masana sun tabbatar.

Ya tsaya da igiya a hannu. "Wanne daga ciki?"

"Na biyu, wai."

Na ga yana lanƙwasa yatsu. Wallahi na zaci tasbihi yake. Ashe ni ina zancen wata na sama, shi yana lissafin wata na ƙidaya, don ko a Fulatancinmu kalmar ɗaya ce. Watan Sallah, watan cika-ciki mai buɗe shekara, sai na biyu. Ƙanƙara kuwa a wurinsa ita ce wadda ke zubowa da hadarin farko. Ya ji cewa nan da wata uku ruwa zai sauka da wuri, kuma daga bakin ɗan da ya kai makaranta ya ji. Na ci naman Sallata na koma bakin aiki, ko a jikina.

Sai da bazara na dawo. Tun daga nesa na hangi ungulaye. Ƙannensa sun tafi, shi ya ƙi, ya ce musu yana da labari. Ya sassabe rassan gawo har itatuwan suka zama kututture, ya yaye rufin bukka ya ba dabbobi. Da wata na biyu ya kama, kullum yana tsaye yana duban gabas. Lokacin da ya haƙura, shanun ba sa iya kaiwa ko kasuwar Maigatari, balle kudu. Saniya ɗaya na tarar, ita ma sai an ɗaga ta da sanda a ƙarƙashin ciki. Matarsa ce ta ba ni labarin duka, ba ta ko dube ni ba.

Na same shi zaune a gindin gawo, ya rame har na tsorata. Na durƙusa na gaishe shi. Bai yi faɗa ba. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Malam," in ji shi, ranar ce ya fara kira na haka, "na yi ta juya abin nan. Masu ilimi ba za su faɗi abin da babu ba. Ko dai ni na ɓata lissafi?"

Amsar tana bakina. Kalma biyu ce kawai: laifina ne. Amma don kunya da tsoro sai na sunkuyar da kai ina tona ƙasa da yatsa.

Na ce, "Ƙila lissafin ne, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka ya zata, tsufa ne. Bai ga kaka ba ya rasu, yana neman gafarar 'ya'yansa a kan dukiyar da ya ce shi ya salwantar musu.