Ɗigo a Gidan Mai Walda

Aikin Dogo tsayuwa ne. Da can awon filaye yake yi, sai 'yan sanda suka ɗauke shi, suka ba shi wata sanda mai faifai a ka, wadda ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan adam. Duk inda aka zubar da jini a fili, shi ake kira ya sa ɗigo a taswira: nan gawa, nan wuƙa, nan takalmi. Matarsa kan tsokane shi cewa ko gobara ta tashi sai ya tsaya ya auna ta. Bai taɓa musu ba. Ya san halin na'urarsa, da ƙarya take buɗe baki. In an kunna ta sai ɗigon ya yi ta yawo, musamman kusa da bangon kwano, kafin ya zauna inda ya dace.

Ran nan aka tsinci wani direban tifa an farke masa ciki a lungu, tsakanin bangon sito da katangar wani mai walda. An ɗauke gawar, saura jini da ƙudaje. Dangin mamacin sun cika lungun, ido jajur. Dogo ya kafa sandarsa a kan jinin ya kunna, ɗigon ya faɗa tsakar gidan mai walda a taswirar na'urar.

Wan mamacin na leƙe ta kafaɗarsa. Shi a ganinsa, abin da ke sama ya ga komai.

"Ashe a cikin gidansa ya yanka shi, ya jefo mana shi waje," ya ce.

Dogo ya ce a dakata, na'urar ba ta gama ba, kuma ita ba ta san wanda ya yi kisa ba. Wa ya saurare shi? Suka ɓalle ƙofar, suka jawo mutumin da baƙin gilashinsa a fuska, suka rufe shi da rodin da yake aiki da shi. 'Yan sandan da ke wurin ba su da yawan da za su tare su. Dogo ya yar da sandar, ya kife a kan mai waldan yana rantsuwa. Rodi ya sauka a hannunsa, ya ji ƙashin ya ce ƙas. Na biyu ya zubar masa da haƙora. Ta ƙarƙashinsa suka ci gaba da duka har mutumin ya daina motsi.

Bayan mako aka kama wanda ya yi kisan, yaron motar mamacin ne.

Dogo yana nan yana aiki, da hannun hagu, baƙin cikin kuma bai sake shi ba. Matar mai waldan ta taɓa tare shi a hanya, goye da jariri. Ba ta zage shi ba. Tambayarsa kawai ta yi me mijinta ya yi wa tauraron.