Ranar Da Na Yi Tsere Da Waya Zuwa Babban Mutum

Ban taɓa buɗe shafi a dandalin nan da kowa ke ɗora hotuna ba, kuma ba don waya ta gagare ni ba ne. Ni tela ne a cikin garin Daura. Abokan sana'a sun sha yi mini tsiya, wai ni mutumin da ne, su da hoton ɗinki ɗaya suke samo aiki har daga Katsina. Na ji, na ƙi. Dalilina wata tsohuwa ce a unguwarmu. Ɗanta direba ya yi hatsari a hanyar Sandamu, kafin a aiko mata da mutum sai wata ta miƙa mata waya tana tambaya ko shi ne wannan. Hotonsa ne a gefen titi, ko rufe shi ba a yi ba. Tun ranar na ce inda ake rige-rigen nuna gawar ɗan mutane ba wurin zamana ba ne.

Mu yadda muka taso, ba a jefa wa mutum labarin mutuwa kamar dutse. Akan tashi wani mai hankali ya je ya yi sallama, ya sha ruwa, sannan ya ce jikin wane ya tsananta, ana nemanki. A hanya ake lallaɓa zuciya har ta shirya.

Ranar da abin ya zo gidanmu, da hantsi Baba ya cika. Kafin ka ce kwabo zaurenmu ya cika da jama'a, ni kuwa ba fuskokinsu nake kallo ba, hannayensu nake kallo. Ƙanwata tana aure a Babban Mutum, ga tsohon ciki, ga hawan jini, kuma ita ce 'yar lelen Baba. Na kira mijinta, wayar ba ta shiga, aka ce ya tsallaka iyaka sayar da awaki. Tsorona ɗaya, kada ta gani a waya tana ita kaɗai.

Can a bakin ƙofa na hango ɗan baffana ya sunkuya, babban yatsansa na ta aiki. Shi kam ko kaza aka yanka a gidan sai duniya ta gani. Na je na tsaya a kansa.

"Me kake rubutawa?"

"Haba Yaya, wurin aiki nake gaya wa ba zan zo ba."

"Nuna mini."

Ya nuna, gaskiya ya faɗa. Amma waye ya san abin da ya goge kafin in iso? Na ɗaga murya na roƙi kowa don girman Allah kada ya ɗora komai sai an sanar da 'yar mamaci. Duk suka ce to. Wannan "to" ɗin nasu bai kwanta mini ba ko kaɗan, don har da wani maƙwabci da ya amsa yana zura hannu a aljihu.

Aka tsayar da jana'iza bayan Azahar. Na bar wa babban yayanmu hidima, na hau babur. Abin haushin, ni da na ƙi dandalin ba ni da hanyar sanin ko an ɗora. Na tsaya sayen mai a Baure, mai man da na sani ya gaishe ni a tausashe, ya tambayi mutanen gida har sau biyu. Na ƙura masa ido. Ya ji ne? Ko kuwa halinsa ke nan ban taɓa lura ba? Ban tambaya ba, na ja babur raina a ɓace.

Na samu gidan shiru. Ƙanwata tana zaune kan tabarma a tsakar gida, ta riga ta sa hijabi, ga ƙullin kaya a gefenta. Na yi sallama. Ta yunƙura da ƙyar ta kawo mini ruwa, muka gaisa kamar kullum. Na sha, na ajiye kofin, na ce abin da na yi ta maimaitawa a hanya.

"Jikin Baba ya ɗan tsananta, aka ce in zo in tafi da ke."

Ta dube ni ta ce:

"Yaya, matar maƙwabcinmu ta shigo tun ɗazu da waya. Hotonsa ne na sallar bara, da rubutu a ƙasa."

Na ji kamar in koma Daura in fasa wayar kowa. Ta ci gaba da magana.

"Na ce mata ƙarya ne, mu gidanmu ba a aiko da mutuwa ta waya. Ban yi kuka ba. Na shirya na zauna, na san idan gaskiya ne wani zai zo. Kada ka lallaɓa ni, Yaya. Ka faɗa mini da bakinka."

Na matsa kusa da ita na ce, "Baba ya rasu. Ina riƙe da hannunsa."

Sai a lokacin ta yi salati, ta kifa kanta a kafaɗata ta fashe da kuka.