Sandar Malam Hudu Mai Sifirin

Da hantsi, idan ka bi ta bayan tasha a Dutsin-Ma, za ka ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota. Na Malam Hudu ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan mutanen garin nan suna gaisawa da ƙafafunsa, har akwai waɗanda ba za su gane fuskarsa a masallaci ba. Aikinsa ɗaya ne: ƙara wa mota sifirin a baya don ta iya jan kaya. Mu dai mun yi imani cewa nauyin da masu ƙera mota suka rubuta a jikinta shawara ce kawai suka bayar. Malam Hudu ne ke tsaye tsakanin wannan imani namu da maƙabarta.

Ba ya taɓa sifana sai ka zo da 'yar tirelar da za ka ja, an ɗaura ta, an loda mata buhunan yashi daidai nauyin da ka ce za ka riƙa ɗauka. Sai ya tsuguna ya ga yadda bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga. Ya zaɓo sifirin biyu, ya taka kowanne ya ji ko ƙarfinsu ɗaya, don in ɗaya ya fi ɗaya mota takan karkace a kwana. In ya ɗaura ya sauke jak, sai ya yanko sandar dogon yaro, ya auna daga ƙasa zuwa bambar baya, ya datse, ya miƙa maka.

"In ka yi lodi, ka tsai da ita nan. Ta shiga, ka tafi. Ba ta shiga ba, ka sauke kaya. Ƙugu na ƙara mata, ban ƙara mata birki ba."

Direbobi kan karɓa suna dariya. Da yawa sun kore awaki da ita.

Bara bayan girbi na ga amfaninta. Yayata Lauratu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, tana zaune a wani ƙauye gaba da Barkiya. Labari ya zo cewa an ga masu bindiga a ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, mutane suka fara tashi. Geronta shi ne abincin shekararta. Tukur direba, mai wata tsohuwar fijo da Malam Hudu ya yi wa aiki, ya yarda ya je sau ɗaya tak, da sharaɗin mu hau kwalta kafin la'asar. Tsakanin ƙauyen da kwalta akwai wata ƙorama mai yashi da gangare, duhuwa hagu da dama. Kowa ya san ba wurin tsayawa ba ne.

Muka isa, muka loda buhu goma sha biyu a 'yar tirelar Tukur, yara suka shiga mota. Tukur ya zaro sandar ya tsai da ita ƙarƙashin bamba. Ta ƙi shiga. Yatsa biyu ya rage.

"A sauke," in ji shi.

"A sauke mi?" in ji Lauratu. "Tukur, geron marayu ne fa. Da sanda za ka yi shawara, ga mutane tsaye?"

Ni ma na sa baki, na kawo hujjar masu ilimi cewa yatsa biyu ba komai ba ne. Can nesa muka ji ƙarar babur. Ta yi, ta ɗauke. Ƙauyen ya yi tsit, ko kaza babu.

"Malam, bar turanci," Tukur ya ce mani. "Yaya Lauratu, in ta zauna mana cikin ƙoramar can, ba gero kaɗai za a ɗauka ba. Kama mani."

Muka sauke ɗaya, sanda ta ƙi. Muka sauke na biyu, ta ƙi. Sai a na uku ta shiga. Lauratu ta ja zana ta rufe buhunan da muka sauke, ta shiga mota, ba ta waiwaya ba.

A gangaren ƙoramar muka ga wata mota ta riga mu. Bayanta ya nutse cikin yashi har bamba, tirelarta cike, ƙofofi huɗu a buɗe, babu kowa. Ko gudu suka yi, ko tafiya aka yi da su, ba mu tsaya tambaya ba. Tukur ya ratsa ta gefe yana salati. Na ji ƙugiyar tirelarmu ta shafi yashi, shafa ɗaya, kamar an ja wuƙa a kan dutse. Motar ta yi nishi, ta hau. Sai da muka iso Kurfi ƙaramar cikin yaran ta ce tana jin fitsari.

Washegari na je na ba ƙafafun Malam Hudu labari. Daga ƙarƙashin mota ya ce, "Buhu nawa kuka sauke?"

Na ce uku.

"Da biyar kuka sauke ya fi. Miƙo mani sifana sha bakwai."

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayansa ya ƙi lanƙwasuwa. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a ba shi lambar yabo ba. Waɗannan na manyan da suka yi alkawarin gina gada ne. Malam Hudu, kai ne ka san cewa mun fi tsoron barin buhu da tsoron mutuwa, ka yanka mana sanda don ta yi gardamar da ba za mu saurara daga bakin mutum ba. Ba ka taɓa cewa mota za ta iya abin da ba za ta iya ba, alhali da ka faɗa da an fi son ka. Na gode, a madadin mutum takwas da ke cikin fijon nan. Allah Ya saka, Ya ba bayanka lafiya.

Masu gareji da ke tasowa, na san kun iya walda, kun iya ɗaure noti. Ku je ku koyi yankan sandar kafin wata ya ƙare, don abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne ranar da za a ƙara wa mota ƙugu a sallami direba hannu wofi.

Lauratu ta aika masa da tiya biyu daga cikin geron da ya tsira. Har yau, in za ta shiga mota mai kaya, ba ta tambayar ko akwai mai. Sai ta leƙa ta ce wa direba, "Ɗan nan, ina sandarka?"